Daga Zazzau Zuwa Lakwaja: Rubutun Waɗanda Aka Raba da Gida

Jama'a masu sauraro, na Makarfi da Ikara da Kudan, da na Hunkuyi da Paki da ƙauyukan da ke kewaye da su, da kuma 'yan'uwanmu waɗanda neman halali ya fitar da su daga gida, suna jin mu daga nesa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar jirgin ƙasa wadda ta fito daga Zariya, ta ratsa ƙasarmu ta wajen Likoro da Gimi, ta miƙe zuwa Kano, ya kamata ya sani cewa ƙasar da aka tara aka ɗora ƙarafan nan a kanta, kakanninmu ne suka haƙa ta da diga, suka yi ta jidonta cikin kwanduna a bisa kawunansu, har hanyar ta isa Kano a shekarar 1911. Kuma ya kamata ya sani cewa wanda ya adana mana labarin wannan aiki cikin waƙa, da harshenmu da ajaminmu, shi ne Sarkin Zazzau na wancan zamani, Malam Aliyu ɗan Sidi, mai Waƙar Diga, mai Tabarƙoƙo, mai Mu Sha Falala. Jikan Malam Musa ne, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ya kafa gidan Mallawa. Turawa suka naɗa shi a 1903, bayan sun kawar da Sarki Kwasau, ya yi wajen shekara 17 a kan gado, bai bar sarauta ta raba shi da alƙalami ba. A wajajen 1920 Turawan nan da suka naɗa shi suka tuhume shi da laifuffuka, cikinsu har da harkar bayi, bayan an daɗe ba sa ga maciji shi da likitan mishan, Dokta Miller, wanda ke zaune cikin birnin Zariya; suka tuɓe shi, suka kai shi Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, ya rasu can a 1924. Ya tarar da kabarin Kwasau a garin, domin can aka kai shi shi ma, ya kuma tarar da Sarkin Kano Alu yana raye, wanda aka kama tun 1903 aka kai Yola, sa'an nan Lakwaja, sai a 1926 ya cika. Kaburburansu suna nan a unguwar Kabawa har gobe.

Dalilin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, mun saba, idan muna lissafin adabin Hausa, mu riƙa yi kamar duk a cikin ganuwar Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato aka yi shi, a cikin kwanciyar hankali, alhali kuwa wani kaso mai nauyi daga cikinsa, la'alla ma wanda ya fi faɗin gaskiya, mutanen da aka raba da gida ne suka rubuta shi, ko kuwa waɗanda suka zauna gida amma aka ɗaure musu harshe, suka koma faɗin abin da ke ransu da habaici. Ra'ayina shi ne waɗannan kaso biyu dukiya guda ce, kuma har yanzu ba mu haɗa ta wuri ɗaya ba.

Mas'alar fita da zama ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, bayan shekara biyu kuma ya wallafa littafi sukutum a kan wajabcin hijira. Saboda haka ranar da rundunar Nasara ta ci Sakkwato, 15 ga Maris 1903, malaman Daular Sakkwato ba su rasa nassin da za su duba ba, sai dai sun saɓa a kan yadda za a ɗora hukuncin bisa halin da suka sami kansu a ciki. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya ga fita ita ce wajibi, ya nufi gabas, jama'a suka yi ta barin gidajensu da gonakinsu suna bin sa daga kowace ƙasa ya ratsa, har aka tsare shi a Burmi, ya yi shahada a ƙarshen watan Yuli na wannan shekara. Akwai kuma waƙar Hausa kan zuwan Nasara wadda ake jingina masa. Waziri Buhari kuwa, bayan shi ma ya fita daga gari, sai ya dubi halin raunana waɗanda ba su da ikon tafiya, ya shawarci malamai, ya komo ya yi sulhu, sa'an nan ya rubuta risala zuwa ga ma'abota ilmi da tunani yana bayyana hujjarsa, watau cewa idan kowa ya fita ƙasar za ta wayi gari babu mai tsayar da addini a cikinta, kuma larura ta halatta mu'amala ta zahiri muddin zuciya tana nan kan imaninta. Ban ga wanda ya isa daga cikinmu, mu da muka zo bayan ƙura ta lafa, ya zargi ɗayansu ba.

Aliyu ɗan Sidi ya ɗanɗani duka biyun, abin da ya sa nake ganin ya fi kowa cancanta a fara da shi ke nan. Yana cikin waɗanda suka zauna, har ya karɓi sandar mulki daga hannun Nasara. Ta hannun hakimansa da dagatansa ne aka tara mutanen da suka yi aikin diga a ƙasar Zazzau, ba kuwa da son ran da yawa daga cikinsu ba, kuma shi ɗin ne dai ya mayar da aikin waƙa. Sarkin da Razdan ke karanta masa kowane motsi, fadawa kuma kowa da gidan sarautar da yake yi wa fata, domin Zazzau gidaje huɗu ke neman gado guda, ba shi da ikon faɗin magana a fili. Sai ya zama gwanin habaici da gugar zana, ya saka magana cikin rigar wa'azi da hikima, mai hankali ya gane, wanda aka nufa ya rasa abin kamawa. Daga ƙarshe zaman bai tsirar da shi ba, aka fitar da shi kamar yadda aka fitar da mahaifinsa Sidi Abdulƙadir tun da can, sai dai shi mahaifin daga Sakkwato hukuncinsa ya fito. Amma waƙoƙin ba su bi shi Lakwaja sun ɓace ba. Almajirai suka ci gaba da kwafarsu, masu murya suka ci gaba da rera su, har wasu daga ciki suka shiga littattafan da aka buga a Zariya bayan ya daɗe da rasuwa.

Domin mu ga abin da wata al'umma ta yi da irin wannan rabuwa, ina roƙon ku ku yi haƙuri in kai ku wata ƙasa mai nisa. Sunanta Latbiya, tana gaɓar Tekun Baltik a arewacin Turai, babban birninta Riga, jama'arta kuwa gaba ɗaya ba su kai miliyan 2 ba, watau birnin Kano shi kaɗai ya fi su yawa. Ƙarnuka da dama mutanen nan manoma ne a ƙarƙashin iyayengiji Jamusawa masu manyan gandaye, mulkin ƙasar yana yawo tsakanin Folan da Suwidin da Rasha, harshensu ba shi da daraja a fada. Abin da suka mallaka wanda ba mai iya ƙwace musu shi ne wasu gajerun waƙoƙin baka, yawancinsu ɗango huɗu huɗu, waɗanda suke kira daina, mata ne kuma suka fi riƙe su, suna yin su wajen niƙa da kiwo da reno da biki da makoki, kamar yadda iyayenmu mata ke da waƙoƙin niƙa da na daɓe.

Wani malaminsu mai suna Krishjanis Barons, wanda aka haifa a 1835, hukumar sarkin Rasha ta sa masa ido saboda wata jarida da ya yi wa aiki, har ya shafe shekaru masu yawa a cikin Rasha yana koyar da 'ya'yan wani mai dukiya, nesa da ƙasar haihuwarsa; to a cikin wannan zaman baƙunta ne ya ɗauki nauyin tattara waƙoƙin nan, malaman makaranta da manoma suna rubuta abin da suka ji daga bakin tsofaffi suna aika masa ta gidan waya. Da takardu suka yi masa yawa, sai a 1880 ya sa kafinta a birnin Mosko ya ƙera masa kabad mai aljihuna 70, aka riƙa ajiye kowace waƙa a 'yar takarda wadda faɗinta bai wuce yatsa biyu ba, yana jera su bisa tafiyar rayuwar ɗan Adam, daga haihuwa zuwa aure zuwa kabari. Ya koma Riga da kabad ɗinsa a 1893, aka buga aikin cikin mujalladi 6 tsakanin 1894 da 1915, waƙoƙi fiye da 200,000. Ku lura, jama'a, taskar da al'ummar nan ke alfahari da ita fiye da kome, a ƙasar wasu aka ƙera ta. Haka nan babban sha'irinsu, Rainis, mafi girman wasanninsa a Suwizalan ya rubuta su, inda ya gudu shi da matarsa Aspaziya, ita ma sha'ira, daga ƙarshen 1905 har 1920.

Sun sami 'yancin kai a 1918, amma a 1940 Tarayyar Sobiyet ta mamaye su. Daren 14 ga Yuni 1941 aka kwashe mutum fiye da 15,000 cikin taragun dabbobi aka nufi Saiberiya da su. Jamus ta Hitila ta shigo ta yi nata ta'adin, aka hallaka mafi yawan Yahudawan ƙasar. Da rundunar Sobiyet ta komo a 1944, mutum fiye da 100,000 suka tsere yamma, wasu cikin manyan jiragen ruwa zuwa Jamus, wasu cikin kwale-kwalen masunta zuwa Suwidin, cikinsu kuwa da kaso babba na marubuta da malaman jami'a da mawaƙa. A watan Maris 1949 aka sake kwashe fiye da 42,000 daga waɗanda suka zauna.

Abin da ya kama zuciyata cikin labarin nan shi ne abin da masu gudun suka fara yi. Tun suna sansanonin 'yan gudun hijira a Jamus, suna cin abincin agaji, iyali da iyali a ɗakin soja guda an raba tsakaninsu da bargo, suka buɗe makarantu, suka kafa jaridu, suka buga littattafai a kan takarda mai araha, har suka yi babban taron waƙa a garin Esslingen a 1947, irin wanda kakanninsu suka fara a Riga tun 1873. Da aka warwatsa su zuwa Amurka da Kanada da Ingila da Ostareliya, wani mai ɗab'i, Helmars Rudzitis, ya sake kafa kamfaninsa a New York, ya fara jaridar Laiks a 1949. Wasu a Kopenhagen suka sake buga waƙoƙin bakan nan cikin mujalladi 12 tsakanin 1952 da 1956, domin kada yaron da aka haifa a baƙunta ya tashi bai san su ba. Matasa suka kafa mujallar adabi mai suna Jauna Gaita a 1955. Aka yi taron waƙa a Chicago a 1953. Kowace Asabar kuma farfesan da ya koma leburan masana'anta yakan ɗauki 'ya'yansa ya kai su makarantar harshe a ɗakin ƙasa na coci.

Na gida kuwa suka shiga halin da Aliyu ɗan Sidi zai gane da kallo ɗaya. Wani sha'iri, Knuts Skujenieks, an kama shi a 1962, ya yi shekara 7 a sansanin gwale-gwale a Mordobiya, ya rubuta ɗaruruwan waƙoƙi a can, ba a buga su a ƙasarsa ba sai 1990. Wata kuma, Vizma Belshevica, ta yi waƙa a 1969 kan mamayar da Jamusawa suka yi wa ƙasar tun ƙarni na 13, kowa ya gane mamayar da take nufi, hukuma ita ma ta gane, aka hana ta buga nata rubutu shekaru. Littattafan da masu hijira suka wallafa, idan sun shigo ƙasar, a wani ɗaki na musamman ake kulle su cikin laburare, ba mai karantawa sai da takardar izini. Tsakanin ɓangarorin biyu kuma zargi ya shiga: na waje suna ganin na gida sun miƙa wuya, na gida suna ganin na waje sun gudu sun bar su da wahala, har sha'irin da ya kai ziyara Riga daga Amurka yakan koma ya tarar da wasu sun daina gaishe shi. Mas'alar Attahiru da Waziri Buhari ke nan, ta sake bayyana a wata nahiya, cikin wani addini.

Sai dai da Allah ya kawo musu sauƙi, ba su tsaya neman wanda ya fi wani gaskiya ba. A taron waƙa na 1990 a Riga, mawaƙan da suka zo daga ƙasashen hijira suka tsaya sahu ɗaya da na gida. Tun kafin 'yanci ya tabbata a 1991 aka buɗe ɗakin nan da ke kulle, daga baya aka sake buga littattafan masu hijira, aka shigar da su manhajar makaranta, jama'a suka yi ta aiko da kundaye da wasiƙu daga ƙetare. Wata yarinya da iyayenta suka gudu da ita, ta zauna sansani a Jamus, ta yi ƙuruciya a Maroko, ta zama farfesa a Kanada tana nazarin waƙoƙin daina, Vaira Vike-Freiberga, ta komo gida suka zaɓe ta shugabar ƙasa daga 1999 zuwa 2007. A watan Janairu na 2014, cikin tsananin sanyi, dubban mutane suka jeru daga tsohon laburaren ƙasa zuwa sabon da aka gina a ƙetaren kogi, suna miƙa wa juna littattafai hannu da hannu. Kabad ɗin Barons yana cikin wannan sabon gini a yau.

Ba na cewa halinmu da nasu ɗaya ne. Harshen Hausa ba ya cikin haɗarin mutuwa, masu magana da shi miliyoyi ne masu yawa daga Agadas har Kumasi har bakin Bahar Maliya, fitar mutanenmu kuma iri-iri ce: akwai hijira don addini, akwai tuɓewa da kora, akwai fatauci da ci-rani wanda ya rikiɗa ya zama zama. Amma ina tsoron yawan namu shi ne ya jawo mana sakaci. Su ƙarancinsu ya sa suka ƙidaya kowace waƙa suka ba ta aljihu. Mu kuwa mun ɗauka abin da yake da yawa ba ya ƙarewa.

Ku dubi Zazzau kanta. Da jihadi ya iso, Sarkin Zazzau Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu zuwa Zuba, ya rasu a yaƙin Lapai a 1825, ƙanensa Abu Ja ya gina garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja tun da babban birnin tarayya ya ɗauki sunan. Mutanen nan sun tafi da sarautunsu da kiɗansu da tsarin fadarsu, suka riƙe su da kyau fiye da yadda aka riƙe su a Zariya, inda sabon mulki ya sauya abubuwa da yawa. Har da masanin nan M. G. Smith ya tashi rubuta littafinsa kan mulkin Zazzau, wanda ya fito a 1960, ga Abuja ya dogara wajen sanin yadda sarautar take kafin jihadi. Waɗanda suka rubuta wannan ilmi da Hausa 'ya'yan gidan ne, Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi, kuma littafinsu kan Makau a Zariya aka buga shi a 1952, watau labarin waɗanda suka fita ya komo garin da suka bari ta ƙofar Kamfanin Gaskiya. Wannan misali ne na abin da ya kamata, an kuwa yi shi a gabanmu. Haka Katsinawan da suka kafa Maraɗi da Gobirawan Tsibiri suka riƙe abubuwan da gida ya saki.

Wanda hakkinsa ya fi nauyi a kanmu, a ganina, shi ne Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda wasu ke kira Alhaji Umaru Salaga. An haife shi a Kano a wajajen 1858, asalin gidansu Kabawa ne, ya yi karatu a Kano da ƙasar Sakkwato da Gwandu, sa'an nan ya bi hanyar Gwanja, hanyar nan da fataken ƙasar Kano da Zazzau ke bi da jakuna, su kai kanwa da tufafi su komo da goro. Yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, daga baya ya koma Kete-Krachi a bakin kogin Volta, ya zama limamin garin, ya karantar da ɗalibai waɗanda suka bazu cikin zangunan ƙasar da ake kira Gana a yau, ya rasu a 1934. Mutumin nan ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa kan zuwan Nasara, da kan talauci da wadata, da kan annobar mura ta 1918. Ya wallafa littafi kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa wanda aka buga a Alƙahira. Ya juya ƙasidun Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa, aikin da duk wanda ya taɓa zama gaban malamin lugga ya san nauyinsa. Bayan wannan duka, da wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich ya nemi ya koyi Hausa a wurinsa, sai ya zauna ya rubuta masa da ajami, cikin zube, yadda ƙasar Hausa take a ƙarni na 19: noma da rini da saƙa da jima, ciniki da bauta, aure da suna, tarihin garuruwa da yaƙe-yaƙensu. Mutum ne yana zaune nesa da gida, yana tuno kowane abu dalla-dalla, irin tunawar da wanda ke cikin gari ba ya yi, domin shi kullum yana ganin abin.

To ina rubuce-rubucen nan suke? Waɗanda wani Bajamushe mai suna Krause ya tara a Salaga suna Balin. Kwafe-kwafen waƙoƙinsa da yawa suna Jami'ar Gana a Legon, inda aka tattara su a shekarun 1960, daidai lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya cinye tsohon garin Kete-Krachi. Wani ɗalibi a Amurka, Douglas Ferguson, ya juya bayaninsa na ƙasar Hausa zuwa Turanci a kundin digirinsa a 1973. Wani malami ɗan Folan, Stanislaw Pilaszewicz na Jami'ar Warsaw, ya ƙarar da shekaru a kansa, ya fitar da zubensa na ajami a littafi a Balin a shekarar 2000. Allah ya saka musu da alheri bisa ƙoƙarinsu. Amma yaron da ke sakandare a Ikara, wanda kakan kakansa wataƙila ya bi ayarin Gwanja, da wuya ya taɓa jin sunan Alhaji Umaru, balle ya karanta shafi guda na abin da ya rubuta da harshen da shi yaron ke magana da shi a gida. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Haka zancen yake game da mutanen da suka tsira daga Burmi, waɗanda ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja har bakin Kogin Nilu a Sudan, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sennar. Jikokinsu suna nan, wani daga cikinsu ma, Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartoum, ya yi littafi kan yadda Hausar Sudan ta cuɗanya da Larabci. Haka kuma 'yan'uwanmu na yau, ɗan Makarfi ko ɗan Kudan da ke tura baron rake a Legas ko Fatakwal, wuƙar fira a hannu, ƙaramar rediyo a rataye jikin baro tana kawo masa labarin gida. Idan zama ya yi tsawo ya ɗauko iyali, 'ya'yansa za su tashi a Sabo ko a zango, makarantar allo ta riƙe musu Alƙur'ani, alhamdu lillahi, amma babu wanda ya tanadar musu wurin da za su ji Tabarƙoƙo ko Imfirajin Aliyu Namangi.

Ba sai mun je Balin ba kafin mu fara. Ku shiga zauren kowane tsohon gidan malamai a wannan yanki namu, ku roƙi Malam, Allah ya gafarta masa, ya sauko da gafakar da ke rataye tun zamanin kakansa. Za ku ga warƙoƙi a sake, ba a ɗinke ba, an matse su tsakanin fatu biyu an ɗaure da tsirkiya. Rubutun da tawadar bagaruwa, wasulan da ja. A gindin kowace warƙa marubuci ya ajiye kalmar da ta gaba za ta fara da ita, don kada jeri ya rikice. Idan kuka ɗaga takardar ga rana, sau da yawa za ku ga alamar jinjirin wata uku a jikinta, shaidar cewa daga Italiya ta fito, ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi. A tsakanin littattafan fiƙihu da nahawu akan sami waƙar wa'azi da ajami wadda ba ta cikin kowane littafin ɗab'i, akan sami wasiƙar da wani ya aiko daga hanyar hajji ko daga zangon fatake, yana gaida mahaifiyarsa, yana faɗin tsadar hatsi a inda yake. Gefen warƙoƙin kuwa gara ta fara ci, wasu ruwan yoyon soro ya manne su da juna, kuma idan mai gidan ya rasu aka zo rabon gado, akan raba littafi guda gida uku, kowa ya ɗauki nasa kason don tabarruki, alhali an kashe littafin.

Saboda haka roƙona ga iyayena malamai da magadansu shi ne kada a raba warƙoƙin littafi guda wajen gado, a bar shi a hannun mutum ɗaya bisa amana. A sauke gafaka daga jikin bango kafin ruwan Agusta, a shanya ta a inuwa, ba a rana ba. A sa ɗa ko jika mai wayar hannu ya ɗauki hoton kowace warƙa, gaba da baya, bisa jerinta, ba tare da littafin ya bar gidan ba. Wanda ke son a adana masa kwafi, Gidan Arewa yana nan a Kaduna tun 1970, akwai kuma sashen binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, dukansu aikinsu ke nan. Ga malaman Hausa na jami'o'inmu da masu ɗab'i na Zariya kuwa, abin da nake nema ƙarami ne bisa ga iliminsu: a fitar da zaɓaɓɓun rubuce-rubucen Alhaji Umaru da diwanin Aliyu ɗan Sidi cikin ƙananan littattafai, ajami a shafin dama, boko a na hagu, da ɗan sharhin kalmomin da suka tsufa, a kan kuɗin da mai sayar da littattafai zai iya shimfiɗa su a tabarma ranar kasuwar Makarfi, a kuma aika da wasu Kumasi da Maraɗi da Mai Wurno da Lakwaja. Gidajen rediyo irin wannan su ma suna da nasu rabon, domin waƙoƙin nan don kunne aka yi su, kuma masu muryar rera su ba su ƙare ba tukuna a ƙasar Zazzau.